Haƙoran Tiberiu

Shekara ashirin da bakwai ina manna wa Tiberiu haƙora,
guda biyu, dogaye, na roba,
a wani ɗan ɗaki bayan situdiyo a Bukares
inda famfo ke ɗiga, madubi ya tsage ta gefe.
Nakan shafe shi da farar hoda
har ya yi kama da wanda ƙasa ta ƙi karɓa.

Jinin ma ni nake dafawa:
sukari, jan kala, ɗan garin koko.
Ya ce ya fi shayin matarsa daɗi.

Sau goma sha ɗaya aka kashe shi.
An kafa masa turke a ƙirji,
an yaye labule rana ta cinye shi,
an kore shi da tafarnuwa,
shi da ba ya shan miya sai da ita.
Da darakta ya ce a yanke
sai ya fito daga akwatin gawa, ya karkaɗe baƙin mayafi,
ya roƙi taba, ya tambaya ko an biya kuɗin mako.
'Yan mata na aiko wasiƙa a ciji wuyansu,
shi kuwa ko allura ya gani sai gumi.

Jiya na hau bas zuwa asibiti.
Hawa na huɗu, gadon bakin taga.
Ba hoda, amma fari fat,
farin da hannuna bai taɓa iya haɗawa ba.
Ɓargo ne ya gaji, in ji likita.
Wata nas, Zamfira, ta rataya leda a ƙarfe,
ja ya kama gangarowa ta siririn tiyo,
ɗigo,
ɗigo.

"Na wane ne?"
Ta ce ba a rubuta suna.
Ƙila ɗalibi, ƙila direban tasi,
wani dai da ya naɗe hannun riga, ya bayar, ya koma harkarsa.

Ya daɗe yana kallon ledar.
"Ilinca," ya ce da ni,
"na ƙare rayuwa ina fashin na ƙarya,
ashe na gaskiyar kyauta ake bayarwa."

Na zaro haƙoran daga jaka don ya yi dariya.
Ya juya su a tafin hannu, ya miƙo mini.
Ya ce in buɗe labule.

Rana ta zubo masa a fuska.
Na tsaya riƙe da bakin labulen,
sabo ya sa ina jiran wani ya ce a yanke.
Ba wanda ya ce.
Shi kuwa ya lumshe ido,
ya ce akwai ɗumi.