Ƙusa Uku a Bakin Ƙofa

Tun ina ƙarama aka raɗa mini suna:
Kubura mai kan tsuntsu.
A aike ni sayen gishiri, in dawo da labarin hawainiya
da na gani tana sauya riga a dangar Malam Ɗayyabu.
Gishirin kuwa? Yana can bakin rijiya, ruwa ya lashe.

An yi mini turare, an ba ni rubutu na sha,
an kuma gwada tsumagiya.
Sai bara, wani likita a Dutse
ya saurare ni har na kai aya,
abin da ba a saba yi mini ba.
Ya rubuta haruffa huɗu na boko a takarda,
ya ce ba ƙarancin hankali gare ni ba:
awaki goma ne, igiya ɗaya.

To, na dawo ƙauyenmu neman igiyoyi.

Na kafa ƙusa uku a bakin ƙofa:
ta makulli, ta mayafi,
da ta ’yar jakar da wayata ke kwana.
Duk abin da ba shi da ƙusa a gidan nan
rabon iska ne.

Abin da idona bai gani ba, a wurina ya mutu.
Na daina rufe kuka da daddawa a tukunya,
na zuba su a kwalabe, na jera a fili
suna kallona ina kallonsu.
Maganin likita ma kusa da buta yake kwana,
don ba na manta alwala.

In na ɗora tuwo, muciya ba ta barin hannuna.
Sau nawa na tsinci kaina a bayan rumbu
ina ƙirga ’yan tsaki, muciya a hannu?
Ita ke zungurata: koma, uwar gida,
akwai wuta a bayanki.

Ranar kasuwar Shuwarin
tsakuwa biyar nake ƙullewa a haɓar zane.
In na sayi manja in jefar da ɗaya,
in na sayi sabulu in jefar da ɗaya.
In ɗaya ta rage, sai in tsaya cik tsakiyar mutane,
masu kura suna yi mini ihu,
har ashana ta faɗo mini a rai.

Da gawayi nake rubuta aiki a bango, uku kawai,
na huɗu ƙarya ce.
Ladan ke yanka mini yini gunduwa-gunduwa:
wanki kafin azahar,
sussuka kafin la’asar,
saura kuma Allah ya kai mu gobe.

Sai Tasallah, maƙwabciyata.
Takan shigo da ƙwaryar gyaɗarta ta zauna tana ɓara,
ba ta ce mini uffan, ba ta taɓa mini komai,
amma zamanta turke ne.
Muddin ina jin ƙas-ƙas ɗin ɓawo,
sai na ga gindin kwandon wanki.

Kada in yi muku ƙarya:
shekaranjiya ma wake ya ƙone.
Tunkiya ce ke haihuwa, na je in leƙa sau ɗaya.
Maigida ya kankare ƙanzo ya ci,
ya ce wa ya san daɗin wake irin mai haƙuri.

Ɗazu na aiki Nafi’u, autana, sayen gishiri.
Ya dawo hannu biyu, ido na walƙiya:
Inna, kin taɓa ganin buzuzu yana tura kaya da baya?
Hannuna ya ɗaga don kansa, irin na mutanen da,
na mayar da shi.
Na ce faɗa mini, har ƙarshe.

Da ya gama, na sa masa tsakuwa ɗaya a aljihu,
na nuna masa hanya.
Yanzu ga ni da guduma ina neman ƙusa ta huɗu,
zan kafa ta ƙasa-ƙasa, daidai kafaɗarsa,
in dai na tuna inda na ajiye ta.