Layin Me?

Bature ya buɗe baki ya ce, "Layin."
Kakanninmu suka yi shiru suna jira.
Layin me? Layin wa?
Shi kuwa ya rufe baki, wai ya gama.
Sai suka datse wa kalmar wutsiya,
suka ce, to, layi ke nan.
Tun ran nan muke ƙarasa masa zance.

Ni tela ne a Rijiyar Ɗorawa,
shekara talatin da ɗaya bisa keke guda.
Gidanmu layi na uku bayan masallaci,
inda kwata ta fi kowa sanin hanya.
Da asuba layin famfo:
jarkoki sun riga masu su tashi,
har dutse na riƙe wa mutum wuri.
Da hantsi layin mai a Gawon Nama,
Jabbi ya tura babur ya shiga da baƙin gemu,
ya rantse da furfura biyu ya fito.

Layin wuta ya ratsa saman shagona,
kurciyoyi kaɗai ke cin moriyarsa.
Layin dogo kuwa labari muka sha,
ya zo Ƙauran Namoda ya ce ƙafa ta gaji.

A aji biyu Malam Tukur ya ɗana min rula
don baƙina ya zamo daga layi.
Har yau in yaro ya lalace
da kalmar ake yanke masa hukunci:
ɗan wane ya saki layi.

Amma mu ma da namu tun fil azal.
Wanda ranar Sakkwato ta gasa cikin bazara,
ya taho yana layi kamar zai kife,
wanga layi gadon gida ne.
Nasu a miƙe, namu a karkace,
sun haɗu a baki ɗaya, ba su yi faɗa ba.

Rannan Hajo ta dawo daga jami'a
da ƙamus mai nauyin tubali.
Ta ce, "Baba, ka san mafarinta?
Wata shuka ce a ƙasashen sanyi,
ana jiƙa ta kamar rama, a saɓe, a kaɗa zare.
Rumawa suka raɗa wa zaren sunan uwarsa.
Magini ya ja shi ya daidaita bango,
masunci ya ɗaura masa ƙugiya,
daga nan duk abin da ya miƙe ya ci sunan."

Na dubi kwarkwaro, na dubi allura.
Ashe baƙon da nake wa kallon nesa
kullum yana tsakanin yatsuna,
ina lasar bakinsa kafin in zura.
Na yi dariya har mai kawo ɗinkin wando
ya tambaya ko lafiya.

Lafiya lau, in ban da guda.
Lawwali ya tafi Fatakwal neman na kansa,
wata bakwai ke nan layinsa ba ya shiga.
Rigarsa ta sallah na rataye a ƙusa,
saura aljihu, na ƙi gamawa.

Bayan isha'i nakan rufe ƙyaure,
in danna lambar da na haddace kamar Fatiha.
In zare ne, ai tela ya san zare:
wanda ya tsinke ana ƙullawa,
wanda ya sarƙe ana bin sa a hankali.

Sai matar nan ta cikin waya ta ɗauka,
muryarta sumul, ba ta san kowa ba.
Ta ce, "Layin..."
Na kashe.
Wannan karon ba na so a ƙarasa.