Ƙarin Shekara Biyu

Ranar da na cika sittin da biyar
na sauke jirgi a Kano, huɗu saura kwata,
taya ta taɓa ƙasa kamar an ajiye ƙwai a faifai.
Motocin kashe gobara suka yi mini rumfar ruwa,
aka tafa, aka ɗau hoto, aka karɓe katin wuyana.
Da hantsi kyaftin ne ni,
da magariba tsoho da jaka, mai cigiyar motar Zariya.

Likita bai sami komai ba.
Ido garau, jini daidai, zuciya na tafiyar agogo.
Kalanda ce ta kore ni,
takardar da ake ƙunshe ƙosai da ita in shekara ta ƙare.

Yanzu a Palladan nake yini,
a bencin Sale mai shayi, kusa da shingen kwaleji,
inda jiragen koyo ke shawagi kamar shirwa ta hango 'yan tsaki.
Daga kukan inji nake gane ɗalibi:
wancan gaggawa gare shi,
wancan tsoro ne ke riƙe masa linzami.
Hannuna yana gyara musu sauka a kan gwiwata.

Jiya rediyon Sale ya ce ana shawara
ko a ƙara wa matuƙa shekara biyu.
Shayi ya zube mini a riga.
Damina biyu ta ratsa hadari a saman Jos!
Asuba nawa ke nan
da zan riga ladani ganin alfijir?

Ban lura Rilwanu ya zauna ba.
Ya kashe Keke Napep ɗinsa a gindin dalbejiya.
Lasisinsa na tuƙin jirgi yana cikin leda
ƙarƙashin kujera, tare da rasit ɗin 'yan ƙungiya.
Gonar Shika ubansa ya sayar, da bijimai huɗu.
Shekara uku ke nan yana jigila, Kwangila zuwa Samaru.
Ya ce, yana tsoma burodi,
"Baba Kyaftin, in an ƙara muku biyu,
ni nawa aka ƙara mini?"

Na ce, yaro, sama ba ta ƙirga furfura.
Wanda ya riga ka kwana, dole ya riga ka tashi.
Ya ce, "Gaskiya ne, Baba.
Shi ya sa nake zaton zai riga ni sauka."
Sale ya yi ta fifita wutar da ba ta mutu ba.

Ban ba shi labarin daren Yola ba,
da iska ta juya, mataimakina ya daskare,
ashirin da bakwai gare shi, ya fi ni sanin littafi,
tsufan nan da ake kora shi ya kai mutum ɗari gida.
Ban kuma gaya masa ba
ran Talata, a Ƙofar Doka,
na nemi sunan jikata a bakina na rasa,
har motocin baya suka gaji da oda.
Wannan ko Ladidi ban gaya wa ba.
Ita har yau tana goge farar rigar ranar Lahadi,
tana mayar da ita cikin kwaba, ba ta tambaya.

Rilwanu ne ya kai ni gida, ya ƙi karɓar kuɗi.
A hanya na yi ta jefa masa tambaya:
in inji ɗaya ya mutu bayan tashi fa?
In hazo ya rufe fili, mai ya yi ƙasa?
Bai faɗi ko ɗaya ba, ɗan banzan yaro.

Daidai gadar Kubanni wani ƙaramin jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa,
mu biyu muka leƙa kai waje,
har sai da mai lemu ya yi mana ihu.