Rumbu Na Biyu

Ranar kasuwar Gujungu na sayar da riɗi,
na tsaya a rumfar Namadi mai kayan kwamfuta.
"Tera ɗaya ko biyu?"
Na ce, wanne zai jure gargadar hanyarmu a kan babur?

Ya miƙo wani baƙi mai rigar roba,
bai kai tafin hannuna ba.
Na jinjina shi kamar mai cinikin kaza.

Bara na'urata ta mutu ba sallama,
ta tafi da takardun gonakin mutum arba'in,
da muryar Inna tana tatsuniya.
Takardun dai mun sake bugawa.

Baba bai taɓa zuba geronsa
a rumbu ɗaya ba.

Naɗe min shi, Namadi.
Ragin nawa za ka yi?