Tagar Kainuwa

Ruwan bana ya fara naɗe tabarma,
acca ta sunkuyar da kai a gonakin Du.
Na lulluɓe keken ɗinki, na rufe shago,
na ɗauki gora da gwangwanin tana,
na bi Baba Dalyop bayan asuba
cikin sanyin Jos mai shiga ƙarƙashin farce.

Tafkin nan hannu ne ya haƙa shi.
"Ubana ya ci shekara tara a ciki," in ji Baba,
"yana ɗaukar kuza a ka, kwano kwano,
ladansa sulalla, tari kuma kyauta."
Yau ramin ya cika, ya yi shiru,
kainuwa ta ja masa koren bargo,
bado na buɗe ido ɗai-ɗai a gefe.

Ni da na zo da gaggawar mai shago
na wurga fatsa can tsakiya,
inda ruwa yake fili kamar faranti.
Ƙarar faɗuwarta kawai Baba ya ji,
ya yi dariya har hularsa ta goce.
"Tela, wa ka taɓa gani ya kwanta tsakar kasuwa?
Babban kifi ɗan ɗaki ne.
Nemi inda ganye ya rabu da ganye,
'yar taga, faɗin tafi biyu.
Nan za ka sauke, a hankali,
kamar mai sa wa jariri hula.

"Ɓoye bakin ƙugiya cikin tanar,
in ya leƙo, ciyawa za ka kama har azahar.
Kada inuwarka ta riga ka isa.
Kada ka taka ƙasa kamar mai bin bashi.
Yanzu da ruwa ke janyewa daga gaɓa
ƙananan kifi na taruwa gindin saiwa,
tarwaɗa kuwa ta san ƙofar gidansu."

Muka zauna.
Tururi ya tashi daga ruwa ya bar mu.
Tifa ta wuce a hanyar Bukuru.
Mata uku suka zo wankin karas, suka tafi.
Yana ta rufe idon Baba tun bara,
ba ya ganin totuwar da ke yawo a sama;
zaren yake naɗewa a ɗan yatsa
yana sauraron tafkin ta fatarsa.

Sai totuwata ta yi rawa.
Numfashina ya tona mini asiri.
"Bari," in ji shi. "Gaisuwa ce tukuna.
Ƙirga uku."
Ɗaya. Biyu. Ta nutse.
"Ɗaga sama! Sama, ba gefe ba!
In ta koma cikin saiwa, ta koma gidan ubanta!"

Gora ta lanƙwashe kamar bayan mai noma.
Kainuwa ta dare, na ga baƙin kai,
na ga gashin baki, na ga faɗin wuya,
na riga na ji ƙamshin farfesun Kande,
na riga na raba wa maƙwabta,
sai hannuna ya koma sakayau.

Baba ya laluba, ya kamo bakin zaren,
ya murza shi tsakanin yatsu biyu.
"Bai tsinke ba. Ji yadda ya nannaɗe.
Ƙullinka ne ya kwance."

Shekara talatin ina ƙulla zare.
Rigar ango, wandon makaranta, aljihun ɗan sanda,
ba wanda ya taɓa dawo mini da ɗinki.
Ga ni durƙushe a jan laka
marar gani na riƙe da yatsuna:
zagaya biyar, koma ta ido,
jiƙa da yawu, sannan ka ja.

Karfasa uku muka kai gida, ƙanana,
biyu nasa, ɗaya ma tasa ce ya ba ni.
Da muka waiwaya daga kan tudu
iska ta riga ta rufe tagar,
bargon ya koma ba ɗinki ba tsaga.

Daren nan a shago, fitila ɗaya,
yadin wani na jira a kan tebur,
ni kuwa ina zaune da allura da zare:
zagaya biyar, koma ta ido.