Me Jinin Ya Ce?

Daga Samaru muka tashi da sanyin safiya,
Cindo na tuƙi, goro a kunci,
ni na rungume akwatin ƙanƙara
kamar wadda aka ba ajiyar jinjiri.
Bayan Shika kwalta ta sallame mu,
damina ta cinye rabin hanya,
sauran rabin muka raba da shanu.

Takardar cibiyarmu shafi tara ce.
Mutum nawa ke kwana a ɗakin nan?
Rijiya ko rafi?
A gaban kowace tambaya ga ɗan gurbi,
ƙwayar gero ma sai ta matse za ta shiga,
nan aka ce in zuba rayuwar mace.

Gida na arba'in da bakwai, in ji taswira.
Mutanen gari kuwa gidan Tabawa suke cewa,
mai daddawa.
Ta shimfiɗa tabarma, ta miƙo ruwa a ƙwarya.
Na tuna abin da madubin bincike
ya nuna mana yana iyo a ruwan garin nan,
na kuma tuna ba a raina ruwan maraba.
Na kurɓa.

"Iya, sau nawa kika haihu?"
"Tara."
"Nawa ke raye?"
"Huɗu. Ba ki tambayi sunan sauran ba."
Na duba shafi, na juya bayansa.
Ba a yi wa suna gurbi ba.

Sai ta karɓe tambaya daga hannuna.
"Bara kun zo, ke da mai farar riga,
kun ɗebi jinina a kwalba,
kun liƙa masa lamba kamar buhun masara.
Ko kaza aka kai kasuwa
ana dawowa da labarin ciniki.
To, me jinin ya ce?"

Na san abin da ya ce.
Da Turanci ya yi magana,
a zauren wani otal cikin Kaduna,
jikin farin bango, a jan layi mai gangara.
An tafa, an sha shayi,
an raba jaka mai tambari.
Ya ƙetare teku a mujalla.
Wuri ɗaya ne bai leƙa ba:
hannun da ya fito.

A hanya ban ce uffan ba.
"Malama, zaginki aka yi?" in ji Cindo.
"A'a. Bashi aka tuna mini."

Ran Talata na ajiye tambayar
a teburin Dakta Bilhatu, tsakanin fayil da fayil.
Ta cire tabarau, ta murza ido.
"Kuɗin aikin sun ƙare tun watan shida.
Ba a rubuta komawa a kasafi ba."
Fanka ta yi ta juyi a kanmu.
Can sai ta zuge jakarta,
ta ƙirgo kuɗin mai.

Ran kasuwa muka koma, ba takarda.
Ƙarƙashin ɗorawa, mata ashirin da wani abu,
kowace da sakamakonta a kunne, ba a bainar jama'a ba.
"Iya, jininki ya ce ya yi ƙaranci.
Shi ke kawo jirin nan a bakin murhu.
Ga ƙwaya. A yawaita wake da zogale,
a tafasa ruwan sha."

Ta yi dariya har giɓinta ya fito.
"Jirin ai na san shi, tare muke tashi.
So nake in ga ko kun san hanyar dawowa.
Yanzu rubuta:
Lantana. Barau. Tanimu. Hansatu.
Da wanda bai kai kwana bakwai ba."

Ba ni da shafi,
sai na rubuta a tafin hannu.
Har Samaru hannun a buɗe yake bisa cinya,
kada gumi ya sake ɗauke su.