Saiwar Tsoho Oldroyd

Ƙarfe tara na dare a Pontefract,
ina tura keken magani ɗaki-ɗaki a gidan tsofaffi.
Ƙwaya biyu masu launin ƙasa a ɗan kofin roba,
rabon Tsoho Oldroyd na ɗaki na sha huɗu,
wanda cikinsa ya ɗaure tun ranar Lahadi.

Na juya kwalin don in duba lamba,
sai ga hoton ganye a gefe, siriri,
da ɗan kwanso mai lanƙwasa kamar yankan farce.
Na ce, a'a, filasko! Kai ne a nan?
Wa ya yi maka biza? Wa ya ɗinka maka farar riga?
A Kaita ko akuya ba ta kula ka.
Gwaggo Tabawa ke tsinko ka bayan masussuka,
ta shanya a faifai, ta jiƙa da tsamiya,
ta ce da mai ciwo: shanye,
amma yau kada ka yi nisa da gida.

Ni ne yaron da ya ƙi riƙe mata jaka.
In ta ce mu je daji, in ce ina da jarrabawa.
Abin da na tsira da shi bai cika tafi ba:
bagaruwa ga dasashi mai jini,
jiƙon kalgo in tari ya ƙi tafiya,
ɓawon ɗorawa kuwa... na mene ne ma?
Sau uku tana faɗa mini, hankalina na filin ƙwallo.

Tsohon ya haɗiye, ya yatsine fuska,
ya nuna aljihun tebur da haɓa.
Ƙarƙashin safa da tsofaffin wasiƙu
na tarar da ɗan itace, kamar asuwaki.
Ya ce, tauna.
Na tauna. Ƙasa-ƙasa da farko, ɗaci kaɗan,
sannan wani zaƙi ya taso daga can baya
ya zauna a maƙogwaro kamar baƙon da ya san gida.

Ya ce ubansa kan shiga rami har ƙirji
yana bin wannan saiwa cikin sanyin kaka,
uwarsa ta dafa ta baƙi ƙirin
ta ɗura musu in ƙirji ya riƙe.
Shi kuma shekara talatin da ɗaya a masana'antar alawa,
har gumin jikinsa ƙamshinta yake.
Gonakin fa? Ya ɗaga hannu wajen taga:
gidaje, wurin ajiye motoci, fitila mai ruwan lemo.

Na ce, tana fure?
Ya ce, irin na wake, shuɗi-shuɗi. Tana kwanso ma.
Na yi dariya har na dafa gado.
Ashe dangi ne, tasa da tawa,
'yan ɗaki ɗaya da gawo, da gyaɗa, da hulba.
Gwaggo kan ce, duk mai ɓoye 'ya'ya a kwanso
bai rasa wani abin da ya ɓoye a saiwa.

Nas Beverley ta leƙo, ta ga itacen.
Ta ce jininsa na hawa, wannan ba nasa ba ne kuma.
Gaskiyarta. Gwaggo ma da awo take bayarwa.
Ya tura mini a aljihu, ya juya wajen bango.

Ƙarfe biyar na asuba ƙararrawarsa ta kaɗa.
Filasko bai manta aikinsa ba don ya haye teku.

Da na tashi, a tashar bas, cikin yayyafi,
na aika murya gida: ɓawon ɗorawa, na mene ne?
Gwaggo ta shekara shida a ƙasa.
'Yarta Talle ta ce za ta tambayi wata tsohuwa a Ɗankama,
in tana nan.
Bas ta makara.
Ina tsaye ina taunar saiwar wani.